Aljihun Baban Aku

Dutsen guga yana kan wuyan wata farar riga lokacin da Mai Ganga ya leƙo shagon, riƙe da 'yar takarda a tsakanin yatsu biyu kamar mai tsoron kada ta cije shi.

"Gwaggo, salama. Ina jin wannan ba tawa ba ce."

Ba ta ɗago kai ba. Asabar ce, kayan mutane sun taru har sun kusa kai mata ƙugu, kowa yana so ya fita sujada gobe fes da shi. Ta ce, "Duk abin da ka tarar a aljihunka naka ne, ɗana. Je ka karanta da zuciya ɗaya."

"Ai na fara karantawa. Layin farko kawai na gani na ninke. An rubuta Baban Aku."

Sai da ƙauri ya tashi sannan ta tuna da dutsen. Ta ɗaga shi da sauri, amma ya riga ya bar tambarinsa a wuyan rigar mutane. Shekara goma sha tara tana guga a wannan shago ba ta taɓa ƙona ko hankici ba, yau ga shi ta ƙona, kuma ko kallon wurin ba ta sake yi ba.

Gwaggo Wasiƙa ake ce mata, kuma ba banza ba. Duk ɗan ikilisiyarsu da ya kawo mata guga, idan ya je gida ya sa hannu a aljihu, zai tarar da 'yar takarda da rubutunta mai karkata. Bayan tsohuwar kalanda take yankawa ta rubuta. Ba ta kwafar aya, ta ce wannan kowa yana da ita a gida, mai so ya buɗe ya karanta. Abin da za ta faɗa wa mutum da bakinta shi take rubutawa, layi uku ko huɗu. Wanda aka sallama daga aiki ya samu tasa, wadda miji ya juya wa baya ta samu tata, har fasto ya taɓa samun wadda ta ce masa ya riƙa hutawa, ikilisiya ba a wuyansa take rataye ba. Mutane suna yaba mata, kuma in za a faɗi gaskiya, yabon yana yi mata daɗi fiye da yadda take nunawa.

A wannan makon kwat biyu baƙaƙe suka shigo shagonta, yadi ɗaya, ɗinkin tela ɗaya, tun na shekarar da mazan ikilisiya suka yi ɗinki iri guda. Ɗaya ta Mai Ganga ce, wanda yake kaɗa wa mawaƙa. Matarsa ta haifi 'ya mace bayan shekara bakwai suna jira, kuma gobe za a miƙa jaririyar a gaban jama'a. Ɗayar kuwa ta kafinta ce. 'Yarsa guda tilo, mai shekara shida, wadda ake kira Aku saboda surutunta, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke ta wata uku da suka wuce. Da hannunsa ya haɗa akwatin da aka sa ta. Tun ranar bai sake taka ƙofar coci ba.

Jiya da yamma su biyun kowa ya zo ya karɓi tasa. Idan takardar kafinta tana hannun Mai Ganga, to ba sai an faɗa mata inda ta Mai Ganga take ba. Kuma ta tuna abin da ta rubuta kalma bayan kalma, don har murmushi ta yi da ta gama: "Allah ya cika maka gida da kukan jaririya. Ran Lahadi ka ɗaga ta sama ka yi rawa, kowa ya ga Ubangiji ba ya manta da nasa."

Ta zare wayar dutsen daga bango, ta fizge takardar daga hannun Mai Ganga ta cusa a ɗaurin zaninta, ta hau neman takalmi alhali yana ƙafarta.

"Gwaggo, bari in kai ki a babur."

"Kai? Duk duniya kai ne na ƙarshe da ya kamata ya gani yau. Je ka wurin mai jego, kuma ka kama bakinka."

Ta ja ƙofar shagon ta kulle kayan mutane a ciki. Mai kitson da ke maƙwabtaka da ita ta ɗaga murya tana tambaya ko gobara ce, Gwaggo ta ɗaga mata hannu kawai ta wuce.

Gidan kafinta ba nisa, amma yau hanyar ta ƙi ƙarewa. Tana tafiya tana lallashin kanta. Wataƙila bai buɗe ledar ba. Maza da yawa sai da safiyar Lahadi suke taɓa kayansu. Za ta ce ta manta ba ta goge hannun kwat ɗin da kyau ba, ta karɓa, ta sauya takardar, shi ke nan babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Har ta shirya yadda za ta yi dariya idan tana faɗa.

Matar kafinta ce ta buɗe ƙofa. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Gwaggo ta buɗe baki za ta kira ta da sunan da aka saba, mai haɗe da na 'yarta, harshenta ya kauce da kansa.

"'Yata, kin tashi lafiya? Maigidan yana ciki?"

"Ya fita tun da sassafe, Gwaggo. Shigo mana."

Ɗakin a share yake tsaf, irin sharar wadda ta rasa abin yi da hannunta. A bayan ƙofa 'yan takalma jajaye ƙanana suna ajiye gefe da gefe. Gwaggo ta kawar da ido, ta tsaya a tsaye, ta ƙi kujerar da aka tura mata.

"Kwat ɗinsa na zo karɓa. Akwai inda ban goge ba."

"Ai bai shigo da ita ba. Na ɗauka ma ba ki gama ba ne." Matar ta dube ta da kyau. "Jiya ya dawo hannu wofi, abinci ma bai kalla ba. Na yi magana, ya ce in ƙyale shi. Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Kada ki ɓoye mini. Wata uku ina roƙonsa ya koma coci, har na gaji na yi shiru. Ni kaɗai nake zuwa in zauna, mutane suna kallona ta wutsiyar ido. Ran Litinin ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya ciro kwat ɗin nan daga akwati ya ce zai kai miki. Ban yi barci ba don murna, tsoro nake ji in yi magana in ɓata. In ya fasa wannan karon, na san halinsa, ba zai sake cirowa ba."

Gwaggo ta so ta faɗi gaskiya, ta kasa. Ta ce kawai, "Ki yi mini addu'a," ta fita, ta bar matar tsaye a bakin ƙofa tana mamakin yau Gwaggo Wasiƙa ce take neman a yi mata addu'a.

Shagon kafinta a kulle yake da ƙaton kwaɗo. Mai waldan da ke gefensa ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce ya ga wucewarsa wajen masu sayar da katako. Ta shiga motar haya, ta zauna a takure tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani mai barci, motar kuwa duk taku goma sai ta tsaya ɗaukar mutum. Gwaggo ta riƙa buga ƙafa a ƙasa har mai tumatir ta tambaye ta ko fitsari ne ya matse ta.

A cikin motar ne abin da take gudun tunawa ya kamo ta. Kuskuren jiya ba shi ne na farko ba. Wata ukun nan matar kafinta ba ta daina kawo rigunan aikinsa ba, kuma duk sun koma da aljihu wofi. Ba mantuwa ba ce. Sau nawa ta zauna da biro, ta rubuta, ta yaga. Ta rubuta cewa yarinyar tana wuri mafi kyau, ta ga kamar ta mare shi. Ta rubuta ya yi haƙuri, ta tuna haƙurin da aka yi ta ba ta lokacin da nata mijin ya rasu, har ta tsani kalmar. Sai ta riƙa ninke rigunan ta sa a leda ta ce wani makon. Da suka haɗu a hanya kuwa, ita ma kamar kowa, ta daina ce masa Baban Aku. Ba wanda ya yi shawara da wani, ikilisiya gaba ɗaya ta koma ce masa ɗan'uwa, ko kafinta, don kada a fama masa ciwo. Sai jiya da ta ɗauko kwat ɗin, ta san ran Lahadi zai zo coci, ta zauna ta rubuta. Ana cikin haka aka kawo wuta bayan ta yini babu, ta tashi a gurguje, kwat biyu suna rataye kafaɗa da kafaɗa.

"Ya Ubangiji," ta ce a ranta, kuma da faɗa ta faɗa, "shekara goma sha tara ban taɓa kuskuren aljihu ba, sai a kan wannan bawan naka? In ka fid da ni yau, na ajiye biro. Guga aka kawo mini, ba wa'azi ba."

Wurin masu katako ya cika da ƙarar inji da ƙurar itace. Ta bi rumfa rumfa tana tambaya. Wani ya ce bai gan shi ba, wani ya nuna mata wani kafintan daban, mai ƙaton tumbi. Daga ƙarshe wani dattijo da ya saba sayar masa ya ce, ƙwarai ya zo, ya tsaya ya daɗe yana shafa wani falanki, bai taya ba, bai saya ba, ya juya ya tafi. Rana ta take tsaka. Gumi ya jiƙa mata baya, ɗankwalinta ya zame, ita da ba a taɓa ganinta a yamutse ba. Ta sake shiga mota ta koma inda ta fito.

Kwaɗon yana nan a ƙofar shagon yadda ta bar shi. Har ta juya, sai ta ji ƙarar zarto daga ciki, a hankali, ana ja ana tsayawa. Ta zagaya ta lungu, ta tarar da ƙofar baya a buɗe.

Yana sunkuye a kan teburin aiki, fensir a bayan kunne, yana yanka wani guntun katako da ko ita ta ga ba shi da amfanin komai. Guntaye irinsa sun taru a ƙasa. A can lungu, ƙarƙashin garin katako, kwat ɗin tana yashe a dunƙule, ledarta a yage. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu.

"Salama," ta ce.

Bai daina yanka ba. "Salama, Gwaggo."

"Na zo ne... takardar nan..."

"Na san ba tawa ba ce. Ni ba yaro ba ne." Ya ajiye zarton. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa a kwance take, kuma hakan ya fi ba ta tsoro. "Ta Mai Ganga ce. Allah ya raya masa. Kafin in kai ƙarshen layin na gane. Amma kin san akwai ɗan lokacin da ban gane ba? Ɗan kaɗan ne, kamar a ja numfashi. A nan bakin titi na tsaya na buɗe, ko gida ban bari na kai ba."

"Ka yafe mini, ɗana. Kwat ɗin ne iri ɗaya, wuta kuma..."

"Ba wannan ba ne." Ya girgiza kai. "Kuskure kowa yana yi. Ni ma na sha yanka katako ya gaza. Wata uku, Gwaggo. Duk rigar da ta dawo daga wurinki, kafin in sa ta, aljihu nake fara taɓawa. Fasto ya zo, dattawa sun zo, kowa da ayarsa a baki, sun cika mini kunne sun tafi. Ban riƙe ko ɗaya ba. Taki nake jira, don ke ba kya faɗin abin da ba ki yarda da shi ba. Mako ya wuce, wofi. Wani ya wuce, wofi. Na ce to, tunda har Gwaggo Wasiƙa ta rasa abin faɗa, ashe dai babu abin faɗar ne. Ashe can sama ma shirun ne."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta zo da shirin ba da haƙuri a kan takarda ɗaya, ga shi ana tuhumarta da goma sha biyun da ba ta rubuta ba, kuma ba ta da abin kare kanta. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana yarinya.

"Tsoro na ji," ta ce. "Na ji tsoron in faɗi abin da zai ƙara maka. Sai na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi, na ce don kai na yi."

Ta kwance ɗaurin zaninta ta ciro takardar. Gumi ya jiƙa gefenta, tawadar ta ɗan bazu. Ta miƙa masa, bai karɓa ba, sai ta ajiye a kan teburin kusa da guduma.

"Wannan ce taka. Ba dole ka karanta ba. Ba ta da wani kyau."

Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya goge hannu a wando ya ɗauka. Gwaggo ta san abin da ke ciki, ta bi leɓɓansa da ido yana karantawa.

"Baban Aku, na rasa abin da zan ce maka shi ya sa na yi shiru, kuma shirun laifi ne. Har yanzu in yamma ta yi ina jin kamar za ta leƙo ta tambaye ni me ya sa dutse yake huci in an zuba masa ruwa. Ban san dalilin Ubangiji ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na dai san Yesu ya san kuka. In ka zo zan zauna kusa da kai, ba sai ka yi waƙa ba."

Ya kai ƙarshe, ya koma farko. A layin farkon ya tsaya, babban yatsansa a kan kalmomin biyu.

"Wa ya ce ki kira ni haka?"

"Sunanka ne."

"Kowa ya daina."

"Mun yi wauta ne. Mun ɗauka in ba mu faɗa ba, ba za ka tuna ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba dariya ba, ba kuka ba. Ya ce, "Ni ma ta tambaye ni zancen dutsen nan. Na ce ta je ta tambaye ki." Ya juya mata baya, ya dafa teburin da hannu biyu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Gwaggo ta matsa taku ɗaya, bakinta cike da maganganu masu daɗi da suka saba fitowa da kansu, ta haɗiye su duka. Ta tsaya nan a cikin garin katako har rawar kafaɗun ta lafa.

Da ta sunkuya za ta ɗauki kwat ɗin, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Bar ta."

"Ta yamutse. In goge maka..."

"Na ce ki bar ta, Gwaggo. Ki je, mutane suna jiran kayansu."

Ta fita. Ba ta san ko ta gyara ba ne ko ta ƙarasa ɓatawa.

A shago ta tarar da mutum huɗu suna jira, kowa fuska a ɗaure. Ta ba mai farar riga haƙuri, ya yi ta faɗa, ta ce ya yi gaskiya. Ta maƙala wayar dutse ta kama aiki, amma hankalinta yana bakin ƙofa. Duk inuwar da ta gitta sai ta ɗago. Riguna suka yi ta fita da aljihu wofi, gwangwanin da take tara yankakkun takardu yana gefe ba ta taɓa shi ba. Wata daga cikin mawaƙa ta laluba aljihun rigar mijinta tun a shagon, ta ce, "Gwaggo, yau babu ne?" Gwaggo ta ce biro ne ya ƙare.

Rana ta yi sanyi, kayan sun ragu saura kaɗan, ta zagaya baya ɗebo ruwan yayyafi. Da ta dawo, kwat ɗin tana kan teburin guga, a dunƙule yadda ta gan ta, da garin katako a kafaɗa. Ta leƙa waje da sauri. Mai kitso ta nuna mata hanya da tsinken kitso ta ce, "Ya ajiye ya wuce, ko gaisuwata bai amsa ba."

Gwaggo ta karkaɗe kwat ɗin ta shimfiɗa. Kafin dutse ya taɓa kowace riga sai ta laluba aljihu, wannan ƙa'idarta ce tun ranar da ta fara sana'ar, hannunta ya yi da kansa. A aljihun dama ta ciro takardar Mai Ganga. An taɓa dunƙule ta, sannan aka warware aka shafe ta da kyau aka ninke gida biyu. A na hagu akwai wata, yagaggen kwalin ƙusa ne, da rubutun fensir mai kauri.

"Gobe ki kama mana wuri biyu, can baya kusa da ƙofa. In aka ɗaga jaririyar na kasa, zan fita. Kada kowa ya biyo ni."

A ƙasa ya sa hannu, Baban Aku.

Ta karanta sau biyu a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Shekara goma sha tara tana sa takarda a aljihun mutane, ba a taɓa sa mata ba. Ta soke kwalin a ɗaurin zaninta, ta taɓa dutsen da yatsa mai yawu ta ji ya yi zafi daidai. Sannan ta yayyafa wa kwat ɗin ruwa, ta fara daga kafaɗa.